Ciki uku, 'ya ɗaya a raye: nazarin lamarin wata mata a kwarin Haɗejia

Matar da wannan nazari ya shafa tana zaune ne a wata ƙaramar unguwar manoma a kwarin kogin Haɗejia, jihar Jigawa. An sakaya sunanta da na ƙauyensu da na asibitocin da ta je. Tsakanin 2019 da 2024 ta yi ciki uku. Na farko ya zo babu rai, na biyu ya kwana huɗu a duniya, ta ukun tana nan da ranta.

## Asalinta da inda take zaune

An yi mata aure a 2018 tana da shekara 16. A aji uku na firamare ta tsaya. Tana karanta Alƙur'ani, amma abin da aka rubuta a katin asibiti sai an karanta mata. Maigidanta yana noman gero da dawa a tudu, da ɗan fegin shinkafa a fadama. Da an kai amfani gida sai ya tafi cin rani kudu, ba ya dawowa sai damina ta ƙarato. A watannin nan gidan yana hannun mahaifiyarsa: ita ke riƙe da wayar gidan, ita ke fitar da hatsi daga rumbu, ita ke cewa a fita ko a zauna.

Asibitin sha-ka-tafi yana da nisan kilomita 7 daga gidansu. Ma'aikaci ɗaya ne a wurin, namiji, kuma da la'asar yake rufewa. Babban asibitin da ake tiyata da ƙarin jini yana da nisan kilomita 38. Kilomita 12 na farko yashi ne da taɓo, da damina ta yi nisa mota ba ta shiga.

Halin da take ciki ba nata ba ne ita kaɗai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. A gidaje mafiya talauci kashi 12 ne, a mafiya wadata kashi 80. Binciken ya kuma samu kashi 61 na masu juna biyu da ƙarancin jini.

## Nuwamba 2019: cikin fari

Ba ta je awo ko sau ɗaya ba. Cikin fari ne, kunya ta hana ta ko ambatonsa, kuma babu wanda ya ga dalilin kashe kuɗin babur a kan mace mai lafiya da ke daka da ɗiban ruwa. A wata na bakwai aka kai ta goyon ciki gidan iyayenta, wanda ya fi nata gidan nisa da titi.

Naƙuda ta fara mata da daddare, ta danne ba ta faɗa ba har gari ya waye, saboda an horar da ita cewa raki a haihuwar fari abin gori ne. Ungozoma ta zo, aka ba ta rubutu da jiƙo. A kwana na biyu mahaifinta ya ce ba zai fitar da matar wani zuwa asibiti ba sai da yawun mijinta. Kafin a same shi a waya, a sayar da akuya, a sami mota, an shiga kwana na uku. A babban asibiti aka tarar kan jaririn ya maƙale a ƙugu kuma zuciyarsa ta daina bugawa. Aka fitar da shi, namiji. Aka bar mata robar fitsari mako biyu don kada mafitsara ta huje, Allah Ya taimake ta ba ta sami yoyon fitsari ba.

Likitocin Arewa sun daɗe da sanin wannan hoto. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a asibitin Zariya tsakanin 1976 da 1979, suka wallafa sakamakon a 1985. Mace-macen iyaye da jarirai sun fi taruwa ne a kan matan da ba su yi awo ba, aka kawo su bayan abu ya ɓaci, kuma akasarinsu ba su yi makarantar boko ba. Bayan shekara arba'in, wannan yarinya mai shekara 17 ta faɗa cikin rukunin nan daidai.

Da za a sallame ta aka ce mata, in ta sake samun ciki ta zo awo, ta haihu a asibiti. Shi ke nan abin da aka yi.

## Yuli zuwa Satumba 2022: ciki na biyu

Wannan karon ta ji maganar. A ƙarshen Yuli 2022, cikin yana da kimanin mako 24, ta je awo babban asibiti. Aka auna yawan jininta ya nuna 8.2, alhali mai ciki ana so ya kai 11. Bugun jininta ya kai 140 bisa 90. Aka ba ta gidan sauro da fansida, maganin zazzaɓin cizon sauro, ta haɗiye a wurin, aka rubuta mata maganin ƙarin jini da na hawan jini ta saya a kemis domin sun ƙare a asibitin, aka ce ta dawo bayan mako biyu. Ta zauna ta saurari jawabin da ake yi wa mata ranar awo: a ci ƙwai, a ci hanta, a sha madara, a huta.

Kuɗin da ta zo da shi mota ta cinye rabi. Ta sayi maganin kwana goma, ta koma gida. Lokacin tsakiyar damina ne, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Abincin gidan tuwo ne da miyar kuka da daddare, ɗumame ko kunu da safe. Ƙwan da zabbinta suke yi kasuwa yake tafiya a sayo gishiri da sabulu.

Ba ta koma bayan mako biyun ba. A Agusta da Satumba ambaliya ta mamaye Jigawa, shekarar da ruwa ya kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar ya raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Shinkafarsu ta nutse, katangar ɗakinta ta zube, suka koma ajin makarantar wani ƙauye da ke kan tudu. Katin asibitin ya jiƙe ya lalace. Ƙafafunta suka kumbura, sannan fuska da hannuwa, har zobe ya ƙi fita. Tsofaffi suka ce alamar ƙaton yaro ce, wasu suka ce zaƙi ne ya yi mata yawa, aka haɗa mata maganin zaƙi. Kwana uku tana kukan ciwon kai, tana cewa tana ganin wasu abubuwa na gilmawa a idonta.

A makon ƙarshe na Satumba, cikin yana mako 33, jijjiga, irin wadda hawan jini ke kawo wa masu ciki, ta kama ta da asuba. Aka fara da tofi da hayaƙi saboda an zaci iska ce. Da ta sake yi karo na biyu aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin ruwa, daga nan kwalekwale, daga nan mota. Sun isa asibiti bayan awa tara, bugun jininta 180 bisa 120. Aka yi mata allurar magnesium sulphate, jijjigar ta tsaya.

Wannan allura ba ta da tsada, kuma aikinta sananne ne. Da aka shigar da ita asibitoci goma na jihar Kano a 2008, mace-macen masu jijjiga ya sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kusan kashi 2. Ita ce ta ceci uwar. Ɗan kuwa ya zo bakwaini, nauyinsa kilo 1.6. Babu kwalbar jarirai mai aiki, aka ce a wuce da shi wani asibiti mafi girma. Babu kuɗin. Suka nannaɗe shi a zannuwa suka koma ajin makarantar nan mai sanyi da danshi. Bai iya kama nono sosai ba, aka riƙa ɗiga masa ruwa. A kwana na huɗu ya koma.

## 2023: bashi, suna, da abubuwan da aka gwada

Ta fito da bashin asibiti, babu amfanin gona, babu akuya. Sai kuma aka fara raɗe-raɗin cewa haihuwar wabi take yi. Duk wanda ya san zaman gidan miji ya san nauyin wannan kalma a kan yarinya 'yar shekara 20. Ita kanta ta yarda da hakan, har ta ce a mayar da ita gidansu.

Wata malamar lafiya da ke zagayen rigakafi a ƙauyukan ta ji labarin, ta fara leƙa ta. Abu na farko da ta yi shi ne rubuta mata takardar zuwa babban asibiti a duba hawan jininta. Takardar ta yi wata biyu a ƙarƙashin katifa. Farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, tsabar naira ta ɓace, direbobin karkara ba sa karɓar taransifa, kuma maigidan da ke kudu ba shi da hanyar aiko da ko sisi da za a riƙe a hannu.

Abu na biyu, wasu masu hali na garin suka haɗa mata gudummawar kuɗi don jinya. A mako guda aka auno gero da su. Gidan mutum tara ne da ambaliya ta cinye wa abincin shekara, ba wanda zai ga laifinsu.

Abu na uku, aka tara mazan unguwar a ƙofar mai unguwa aka yi musu jawabi a kan muhimmancin awo. Kowa ya ce gaskiya ne. Bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin mota zuwa babban asibiti ya ninka, matan da ke zuwa awo daga unguwar suka ƙara raguwa.

Abu guda da ya zauna shi ne tazarar haihuwa. Malamar ta sami maigidan shi kaɗai, ta ce masa jikin matarsa yana bukatar hutu kafin wani cikin. Ya amince, aka yi mata allurar wata uku-uku na tsawon kusan shekara, tana shan maganin ƙarin jini a tsakani.

## Janairu zuwa Yuli 2024: shirin ciki na uku

A Janairu 2024 ta yi ɓatan wata, maigidan kuma yana shirin tafiya cin rani. Malamar ta nemi a zauna kafin ya tafi: shi, da mahaifiyarsa, da ƙaninsa, da limamin unguwa. A zauren gidan aka yi. Ba ta yi jawabi a kan amfanin asibiti ba, tambayoyi ta jera. In abu ya taso da tsakar dare kana kudu, wa zai ce a tafi? Da wace mota? Kuɗin yana hannun wa? In an nemi jini, na wa za a ɗiba?

Maigidan ya ce, "Malama, ni na yarje mata. Duk ranar da ta ji ba daidai ba, ko ina nan ko ba na nan, a tafi da ita, kada a jira ni." Liman ya sa ya maimaita a gaban mahaifiyarsa. Tsohuwar ta ce ita dai ta haifi bakwai a ɗaki, amma tunda ta binne jikoki biyu ba za ta hana ba. Daga ranar aka ɗora mata aikin lura da kumburi da ciwon kai, kuma ta riƙe shi da gaske. Ita ce ma take tuna wa surukar tata lokacin shan magani.

Kuɗi kuwa, aka sa ta a adashin matan unguwa, aka yi yarjejeniya cewa kwasarta za ta faɗo a watan Yuli kuma uwar adashi ce za ta riƙe, ba za a taɓa ba sai don mota da asibiti. Aka yi magana da wani direba da ke kwana a garin da ke bakin titi, aka rubuta lambarsa da gawayi a bangon zaure. Irin wannan tsari ƙungiyar direbobi ta NURTW ta gudanar a wasu jihohin Arewa, inda direba ke ɗaukar mai naƙuda a kowane lokaci. Ƙanin miji da wani ɗan'uwanta suka je aka gwada rukunin jininsu tun da wuri.

Ta fara awo a ƙarshen Fabrairu, cikin yana mako 12. Saboda ta taɓa yin jijjiga, likita ya ɗora ta a kan ƙaramin asfirin, miligiram 75 kullum, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara kafin mako 20 ga irinta. An rubuta mata sinadarin kalsiyam, amma wata biyu kacal ta samu. Fansida ta sha sau huɗu. Hukumar tun 2016 take cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas. Sau huɗu ta iya zuwa babban asibiti, sauran kuma malamar ce take zuwa gida duk mako biyu da ɗan injin awon hawan jini mai batir, ta rubuta a littafi, in ya haura ta kira asibiti.

Azumin shekarar ya kama a Maris, ana tsananin zafi. Ta so ta yi, don kada a ce ta cika son jiki. Liman da kansa ya aiko cewa shari'a ta ba mai ciki da ke tsoron cutuwa rangwame, ta ajiye ta rama daga baya.

Abinci ne ya fi wuya. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. Babu wanda ya sake yi mata zancen hanta da madara. Aka duba abin da ke gidan: zogale a bayan ɗaki, wake, gyaɗa, ƙananan kifin da ƙanin miji ke kamowa a fadama. Aka roƙi uwar miji ta riƙa ware ƙwai biyu a mako daga na sayarwa, kuma a daina barin mai cikin ta ci a ƙarshe bayan kowa ya ƙoshi. Jininta ya tashi daga 9.1 a Fabrairu zuwa 10.3 a Yuli. Bai kai yadda ake so ba.

A ƙarshen Yuli, cikin yana mako 34, kafin ruwa ya datse hanya, aka mayar da ita gidan gwaggonta a garin da babban asibitin yake.

## Agusta 2024: haihuwa

A mako na 36 bugun jininta ya fara hawa duk da magani. Wata safiya ta tashi da ciwon kai irin na wancan karon, ta gane shi. A cikin minti 20 tana asibiti a Keke Napep. Aka samu 160 bisa 110, da furotin a fitsari, alamar jijjiga na iya zuwa. Aka yi mata magnesium sulphate tun jijjiga ba ta zo ba, aka saukar da jinin, aka tayar mata da naƙuda. Washegari ta haifi mace mai nauyin kilo 2.2, ta yi kuka nan take.

Bayan mabiyiya ta fita jini ya ɓalle. Aka yi allurai aka murza mahaifa ya tsaya, amma da yake dama jininta ba shi da yawa sai da aka ƙara mata leda ɗaya. Ƙanin mijin ne ya bayar.

Jaririyar ba ta kai kilo 2.5 ba, don haka aka koya wa uwar goyon ƙirji: a kwantar da jaririya tsirara a tsakanin nonuwa, fata na taɓa fata, a ɗaure da zane, dare da rana. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara wannan dabara a 1978 saboda ƙarancin kwalaben jarirai, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ta nan da nan bayan haihuwa ga bakwaini da ƙananan jarirai. In uwar za ta yi wanka, gwaggo ta karɓa ta ɗaura a nata ƙirjin. Cibiya aka riƙa shafa mata maganin chlorhexidine, aka bar gasa ta da tsumma. Nono zalla, babu ruwa.

Wankan jego an ɗan yi ja-in-ja a kansa. Aka tsaya a kan ruwa mai ɗumi maimakon tafasasshe, aka cire kunun kanwa saboda hawan jininta, aka musanya da kunun gyaɗa. Ranar arba'in jaririyar tana kilo 3.5, bugun jinin uwar ya dawo 130 bisa 80. Ta koma ƙauye a Oktoba bayan hanya ta bushe.

## Abin da lamarin ya nuna

Jikinta ɗaya ne a 2022 da 2024, cutar ma ɗaya ce, kuma allurar da aka yi mata ɗaya ce. A 2022 ta isa asibiti bayan awa tara da jijjiga biyu, a 2024 ta isa a minti 20 kafin jijjiga ta fara. Masana lafiyar mata tun 1994 suke magana a kan jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A cikinta na fari da na biyu duka ukun sun same ta, kuma kowanne in aka bi saiwarsa talauci ake tararwa, da rashin karatu, da rashin ikon mace ta ce a kai ni.

Abubuwan da suka gaza sun yi tarayya a abu guda: duk sun ɗora nauyin a kanta. Jawabin ranar awo ya umarce ta da cin abin da ba ta da shi. Takardar magani da takardar zuwa asibiti sun ɗauka tana da kuɗin mota da izinin fita. Gudummawar kuɗi ta faɗa gidan da yunwa ta riga ciwo zuwa. Ina ganin zalunci ne a rubuta a katin irin wannan mata cewa ta ƙi zuwa awo, alhali hanyar tana ƙarƙashin ruwa. Haka kuma kuskure ne a ɗora komai a kan al'ada. Uwar mijin da ake gani ita ce cikas, da aka ba ta aiki a hannu ta fi kowa tsayawa.

Abin da ya yi aiki shi ne an warware izini da kuɗi da mota da jini tun watanni kafin ranar, lokacin da hankalin kowa yake kwance, sannan aka kawo awon jini har ɗakinta. Duk da haka nasarar ba cikakkiya ba ce. Jaririyar ta zo da ƙarancin nauyi, uwar ta shiga naƙuda da jinin da bai kai ba, kuma waɗannan biyun daga tukunyar gidan suka fito, ba abin da shirin wata bakwai zai goge. A Nuwamba 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali. Mataki ne mai kyau, amma macen da ta riga ta isa ƙofar asibiti kawai yake amfana.

Shirin nan ya tsaya ne a kan abubuwa biyu da ba kowa ke da su ba. Ɗaya malamar lafiya ce da ta ɗora wa kanta zirga-zirgar da ba a biyanta a kai, man babur da batirin inji duk daga aljihunta. Ɗayan kuma gwaggo ce mai ɗaki a gari. A unguwar akwai wasu mata masu ciki da ba su da kowa a kusa da asibitin, kuma babu ɗakin jiran haihuwa da za a ajiye su in damina ta yi nisa. Kilomita 12 ɗin nan har yanzu ba a zuba musu ko tsakuwa ba.